Ramin Gimbiya

Manjagarar ta shiga tsibin takin lafiya, da Auta ta zo ɗagawa sai ta ji ta kama wani abu mai nauyi. Ta ja, ta sake ja, sai ga hannun riga ya leƙo daga cikin ruɓaɓɓen ɓawon ayaba da ganyen shayi. Farar riga ce mai ratsin shuɗi. Ita da kanta ta goge ta shekaranjiya. Rigar babanta ce.

Ta durƙusa, tururin takin yana dukan fuskarta, ta warware ƙullin rigar. Gimbiya ce a ciki, kyanwar marigayiya mahaifiyarta, ta dunƙule kamar yadda ta saba barci a kan kujera, sai dai jikin ya sandare.

"Wayyo Gimbiya," ta faɗa can ƙasan maƙoshi. Hawaye suka zubo kafin ta ba su izini.

Akwatin takin nan da ke bayan benen da suke haya, da guminta ta kafa shi. Wata da watanni tana bin ƙofofin maƙwabta tana roƙo su raba shararsu. Ɓawon kayan lambu da na ƙwai a koren bokiti, robobi da gwangwanaye da kwalabe a shuɗi don masu sake sarrafawa, sauran tarkace a baƙi motar shara ta kwashe. An yi mata dariya har aka laƙaba mata Gwamnar Bola. Dokarta ta farko kuwa, ko ƙashin kifi ba ya shiga akwatin, domin shi ke gayyato ɓera da wari. Yau ga mushe sukutum a tsakiyarsa, kuma daga ɗakinsu ya fito.

"Gwamna, me kika haƙo? Zinariya?"

Wakilin mai gida ne, riƙe da makullansa. Ya leƙa, ya toshe hanci, ya ja da baya.

"Kai! Ke da kike mana wa'azi? To ki gode wa Allah, yau motar shara za ta zo. Ɗaure ta a leda ki jefa a baƙin bokiti, magana ta mutu."

"Ba shara ba ce, Wakili."

"To mece ce, amarya ce? Ni dai in na dawo na tarar da ita a harabar nan, da ita da akwatinki mota ɗaya za su hau."

Ta sa Gimbiya a kwalin sabulu, ta hau matakala tana haki. Ta tarar da Baba zaune a bakin gado da singileti, ƙasan faratansa baƙi ƙirin da taki. Tun rasuwar mahaifiyarta bai ƙara sauka daga benen ba sai yau. Abinci sai ta yi da gaske, magana sai ta dole. Kyanwar ce kaɗai yake yi wa hira.

"Baba, a cikin takina?"

Bai ɗago ba. "Na zaga gidan nan kaf da asuba, Auta. Siminti, siminti, siminti. Can ne kaɗai na ga abin da ya yi kama da ƙasa." Ya murza yatsunsa. "Kuma da na sa hannu na ji da ɗumi. Kin san ba ta son sanyi."

Duk faɗan da ta hawo da shi ya narke mata a ƙirji. Ta zauna a gabansa, ta ajiye kwalin a tsakaninsu.

"Ba za ta zama ƙasa a can ba, Baba. Akwatin ya yi ƙanƙanta. Wari za ta yi, ɓeraye su ja ta waje."

"To ki ba motar." Muryarsa ta karye. "Ki haɗa ta da tsumman jarirai da fasassun kwanuka. In kin gama ki dawo ki ɗauke ni ma."

"Ba motar da za ta taɓa ta." Ta miƙe, ta ciro wata riga daga sif ta ɗora masa a cinya. "Yau sai na samo mata ƙasa, ko a bangon duniya take. Amma ba ni kaɗai zan je ba. Ga takalmanka."

Ya dube ta kamar zai ƙi. Ta tsaya ƙiƙam, ta ƙi kawar da ido. Can dai ya zura hannu a rigar.

Suka fara da ɗan wurin shaƙatawa na bakin titi, inda ciyawa take shar kamar kafet. Mai gadi ya saurare su har ƙarshe, sannan ya nuna musu bututun ruwan da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ciyawar.

"Ko fure ban isa in cire ba, balle in bari a haƙa rami. Ku yi haƙuri, ku gwada asibitin dabbobi."

A asibitin dabbobi wata ma'aikaciya mai fara'a ta yi musu ta'aziyya, ta ce suna karɓar matattun dabbobi, ana haɗa su a ƙone. Baba ya rungume kwalin a ƙirji, ya juya ya fita ko sallama babu. Auta ta same shi a bakin ƙofa, rana tana gasa ƙeyarsa, kafaɗunsa sun yi laushi.

"Mu koma gida," ya ce. "Garin nan ba shi da ƙasa."

"Yana da ita, ɓoye ta ya yi. Zo mu hau mota."

Akwai wani mai lambu a bayan gari da ke zuwa da keken kaya yana kwasar takinta duk lokacin da ya nuna. Can ta nufa. Bas ɗin ya cika maƙil, aka matsa wa Baba wuri kusa da taga saboda furfurarsa. Kwandasta ya ƙwanƙwasa kwalin da yatsa.

"Tsoho, kawo in sa maka a but. Me ke ciki haka kake riƙo kamar ƙwai?"

"Fasinja ce," in ji Baba. "Ka bar ta. Ta fi ka natsuwa."

Motar ta kwashe da dariya, kwandasta ya ɗaga hannu ya sallama. Auta ta juya fuskarta ga taga don kada a ga idonta. Rabon da ta ji barkwanci daga bakin Baba har ta manta yadda yake. Gine-gine suka yi ta gajarta, kwalta ta ƙare, iska ta fara kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Suka sami mai lambu yana ba tumatir ruwa, wando naɗe zuwa gwiwa. Ya tarbe su da murna, da ya ji abin da ya kawo su kuwa sai murnar ta koma ciki.

"Haba Gwamna! Mushe a lambuna? In masu sayen latas suka ji, ai na gama yawo. Ga rijiya, ga karnukan maƙwabta da hanci kamar na 'yan sanda."

"Ba a cikin lambun ba, Kawu. Can bayan shinge, inda ba ka shuka komai, nesa da rijiya, inda ruwan sama ba ya bi. Zan haƙa har ƙugu, in jera duwatsu a kai. Ko leda ba zan bari a ciki ba."

"Wurin can? Ni da nake namiji na kai masa diga ya mayar mini da ita."

"Ara mini digar."

Ya dubi Baba da kwalinsa, ya dubi ita, ya yi tsaki mai taushi. "Taurin kai dai gado ne. Ɗauki, tana jikin bukka."

Ƙasar ba ta yi maraba da ita ba. Saran farko digar ta yi tsalle, girgizar ta hau mata har haƙora. Ta cire mayafi ta ɗaure ƙugu, ta sake sara. Gumi ya shiga idonta, tafin hannunta ya yi ƙuna, sannan ya tashi bororo, sannan ya fashe. Duk sara ɗaya sai ta ji kamar tana faɗa ne da duk simintin garin, da wannan shirun da ya zauna musu a ɗaki ya ƙi tashi. Da ramin ya kai gwiwa mai lambu ya ce ya isa haka. Ta girgiza kai.

"Kare zai tono ta. Na ce har ƙugu."

Ya kasa jurewa, ya ɗauko shebur ya shiga kwashe mata ƙasar yana mita. "Yau na ga ikon Allah. Ni da ko kaza ban taɓa binnewa ba."

Can ƙasa ta yi laushi, ta yi duhu da danshi. Auta ta tsaya a cikin ramin, bakinsa daidai ƙugunta, ta miƙa hannu. Baba ya fito da Gimbiya daga kwalin, ya gyara mata rigar, ya rufe ɗan kunnen da ya leƙo, sannan ya miƙo ta a hankali kamar mai miƙa jariri. Ta kwantar da ita, mai lambu ya ja Auta ta fito.

Ta kai hannu ga shebur, sai ta ji an riga ta. Baba ya riƙe ƙotar da hannu biyu. Ya ɗebi ƙasa kaɗan, shebur ɗin yana rawa, rabi ya zube a kan takalminsa.

"Kawo, Baba, za ka faɗi."

"Ranar da aka kai mahaifiyarki ina gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu," ya ce, idonsa a kan ramin. "Wasu ne suka rufe ta. Labari kawai aka kawo mini."

Ya zuba ƙasar. Ya sake sunkuyawa ya ɗebo, yana nishi, hawaye na bin furfurar gemunsa yana ɗiga a ƙotar.

Mai lambu ya matso zai karɓa. Auta ta tare shi da hannunta mai jini.

"Bar shi, Kawu. Shi zai rufe."

"A hakan? Ai sai rana ta faɗi bai gama ba."

"Bari ta faɗi."

Can a kan hanya bas ɗin komawa gari ya tsaya, ya yi ham, ya jira, ya sake yi, sannan ya ja. Auta ta zauna a kan tsibin ƙasar da ta haƙo, ta tusa hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyinta don kada su tashi taimako.