Tsakuwar gaban madubi

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya. Ko a aji aka ce in tashi in yi magana, muryata rawa take yi. Amma wannan ya tsaya mini a wuya, shi ya sa na yi karambani.

Babanmu mai aski ne. Shekara da shekaru yana ɗora aska a maƙogwaron mutane yana ba su labari, amma shi ko allura ya hango sai gumi ya keto masa. Da ciwon kwiɓi ya matsa masa, hoto ya nuna tsakuwa a ƙodarsa ta hagu, sai da Umma ta yi kuka, Baffa ƙaninsa ya yi fushi, kafin ya yarda a yi masa aiki.

Aikin bai yi ba. Likita ya same mu a baranda, ya ce tsakuwar ta zille ta koma can ciki, inda na'urarsu ba ta kaiwa. Sun sa masa wata siririyar roba don fitsari ya samu hanya, amma dole ya dawo bayan 'yan makonni a sake, don robar ba a barinta ta daɗe.

"Likita, don Allah ka bari mu gaya masa da kanmu," in ji Baffa. "Yayana in ya ji yanzu, ta taga zai fita."

Likita ya yarda. Baffa kuwa sai ya sauka wajen shukokin bakin ƙofa, ya tsinto 'yar tsakuwa, ya wanke ta a famfo, ya jefa a wata ƙaramar kwalba.

"Har ya yi ƙwari ne kawai," ya ce wa Umma. Ita dai ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Da Baba ya farfaɗo, ya karɓi kwalbar ya girgiza ta kusa da kunne.

"Wannan 'yar abar ce ta kayar da ni?" Ya yi dariya har ya dafe ciki.

Robar ta sa ciwon ya lafa, ya koma shago. Kwalbar ya ajiye gaban madubi, tsakanin hoda da burushi. Duk wanda ya zauna a kujera sai ya gan ta.

"Maigida, ashe gini kake yi a ciki ba mu sani ba?" in ji wani direba da ke zuwa gyaran gemu. "Ka tara da yawa mu zo da tifa."

"Daina motsi, kada in raba ka da kunne."

Idan na kai masa abinci sai ya ce, "Uwata, ke mai karance-karance, gaya musu yadda take taruwa a jiki." Sai in sunkuyar da kai in ce rashin shan ruwa ne.

A gida kullum maganar ɗaya ce. Umma ta ce Baffa ya gaya masa, ai shi ya ɗauko. Baffa ya ce ita ce matarsa. Duk ranar da ta shirya bakinta, sai Baba ya shigo da fara'a yana cewa yau har yamma bai zauna ba. Sai ta ce gobe. Makonni suka zama watanni.

Wata rana da hantsi, Baba ya aske rabin kan wani tsoho, sai injin askin ya faɗi daga hannunsa. Jikinsa zafi rau, haƙora na haɗuwa. Direban nan ne ya kai shi asibiti.

Da zazzaɓin ya sauka, likitan ya zo da sabon hoto, ransa a ɓace.

"Malam, me ya hana ka dawowa? Robar ta toshe, tsakuwar da muka bari ta ƙara girma."

"Wace tsakuwa? Tawa tana shago."

Baba ya dubi Baffa, ya dubi Umma, ya daɗe a kanta. Ni ya tsallake ni, kuma da ya dube ni da ya fi mini sauƙi.

"Duk garin nan ba wanda ban nuna wa ba," ya ce a hankali. Sannan ya ce wa likita, "Yaushe za a yi?"

Da aka zo tura shi ɗakin tiyata, bai yi gumi ba, bai kuma waiwayo ba.

Wannan karon an ciro ta, har da robar. Amma likita ya ce ƙodar ta daɗe a kumbure, da wuya ta sake aiki. Da ɗaya zai ƙarasa rayuwa.

"To," in ji Baffa, yana murza hula, "mu bari ya ɗan..."

"A'a," in ji Umma.

Ta gyara mayafi ta shiga. Na bi ta na tsaya jikin labule. Baba ya buɗe ido, leɓɓansa a bushe. Ta zauna bakin gado ta gaya masa duka, ba ta rage ko kalma ba, muryarta na tsinkewa tana ɗorawa.

Ya ƙura wa silin ido.

"Wannan gaskiya ne, ko akwai saura?"

"Babu saura, Baban yara."

"Yaya zan yi in sani?"

Ta miƙa hannu za ta gyara masa bargo, ya bar ta ta gyara, amma ya mai da fuskarsa bango. Baffa ya shigo yana sallama ƙasa-ƙasa, nas ta biyo shi da ledar ƙarin ruwa, ɗakin ya cika. Na ɗauki takalmina a hannu don kada ya yi ƙara, na zame ta bayan labulen na fita.