Tatsuniyar da Aka Bari a Buɗe

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ko ɗaya ba. Amma na san ba a yin tatsuniya da rana, kuma in ka buɗe ta, dole ka rufe. Musbahu ɗan ƙanena, da ya yi karatu har Yamai, wannan ne ya shige masa duhu.

Akwai wani ɗaki a ƙuryar gidan ubanmu, nan kusa da Matankari. Ɗakin Doguwa ne, aljanar gidanmu. Tun kakanni ba mai kwana ciki, ko damin hatsi ba a ajiyewa. Ni nake share shi, in ajiye mata nono a ƙwarya, in ja ƙofa. Ba ta taɓa cutar kowa ba, don ba wanda ya tsokane ta.

Na tafi Gesheme gaisuwar mutuwa, na ɗan daɗe. Da na dawo sai na tarar an huda wa ɗakin ƙofa ta waje, an shafa farar ƙasa, an kafa katakai har rufi. Littattafai ne jere kamar haƙora. Na labaran soyayya da na yaƙi, na noma, na cututtukan awaki, na lissafi, ga na yara masu hoton giwa da kada. Wasu Hausa, wasu Faransanci, duk tsofaffi, kyautar mutanen birni. An jefar da ƙwaryata bayan danga.

Na ce, "Musbahu, uban wa ya ba ka ɗakin nan?"

Ya ce, "Gwaggo, ɗaki yana zaune banza, yaran gari ba su da abin karantawa. Ilimi shi ke korar duhu."

"Ka tambayi mai ɗakin?"

Ya yi dariya. "A'uzu billahi. Gwaggo, in tana nan, ita ma ta karanta, ba a biyan ko sisi."

Ya hau motarsa ya koma shagonsa a Dogon Dutsi.

Jikata Rahina, ɗiyar ɗana da ya rasu, ita ce ta fi kowa karatu a tsaransu. In an taso lakwal, yara su cika ɗakin, ita ta karanta musu da ƙarfi. Na hana, na zage, na ɗaga muciya. Ina! Sai ta faki idona ta zagaya ta ƙofar waje.

Wata rana, rana tsaka, ta ɗauko littafin labarin wata yarinya da guga ya suɓuce mata, ta bi shi cikin rijiya, ta tarar da kasuwa a ƙasa, ana ciniki ba mai magana. Ina tsakar gida ina sussuka, ina jin ta. Ta kai inda yarinyar ta ji an kira sunanta daga baya, ta waiwaya, sai ta ga... Shi ke nan. Gara ta cinye sauran takardun tun kafin a kawo shi. Yara suka yi tsaki suka watse.

Rahina ba ta tashi ba.

Na shiga na same ta zaune, littafi a cinya. A gabanta tabarmar ta lotsa, kamar inda babba ya zauna ya naɗe ƙafa. Waje rana kamar ta gasa mutum, ciki kuwa sanyi irin na bakin randa. Na ja ta da ƙarfi muka fita.

Tun daga ranan abinci ya daina shiga bakinta sai na ɗura mata. Ba ta amsa sunanta. Da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, sai ta miƙe ta nufi ɗakin, ta karanta daga farko har "sai ta ga", ta tsaya, ta sake komawa farko. Na kulle ta, ta kankare ƙofa har farcenta ya yi jini. Yarinya tana ramewa a gabana kamar kara.

Na je wurin maigari. Ya ce maganar gida ce, kuma ba ya son rigima da samarin masallaci. Na ce masa rawaninsa ya fi kansa nauyi. Ranar kasuwa na shiga mota sai Dogon Dutsi, na tsaya bakin shagon Musbahu, gaban masu sayayya.

"Ka ba ni ƙarshen tatsuniyar nan."

"Gwaggo, shigo ciki, ki rage murya."

"Ba na ragewa! Ka kawo labari mai yankakkiyar wutsiya ka zuba a ɗakin da ake saurare. Ka ba ni ƙarshensa, ko ka ba ni jikata."

Ya ce ciwon shawara ne, a kai ta likita. An kai, ba su ga kome ba. Ya kawo abokansa suka yi mata ruƙiyya, ta bar su suka gama, ta tashi ta nufi ɗakin. Ya buga waya Yamai, ya nemi irin littafin, aka ce an daina buga shi tun tuni. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana son yarinyar. Amma so bai mayar mata da ƙiba ba.

Na ce, "To, zo ka zauna ka ga aikinka."

Muka bi ta ciki mu biyu da rana tsaka. Ta karanta. Musbahu yana tsaye jikin katakai yana motsa baki. Kafin ta kai hannu, takarda ta juya da kanta, kuma ko iska ba ta motsi. Na ga gumi ya keto masa. Da ta kai "sai ta ga", na durƙusa, na fuskanci lotsawar tabarmar, na karɓe da bakina.

Na ce, "Sai ta ga kakarta, tsohuwa mai faɗa, riƙe da igiya. Ta ce wa mutanen kasuwa, wannan tawa ce, ba ta ci abincinku ba, ba ta sha ruwanku ba. Ta ɗaure ta a ƙugu, ta hau da ita, ta kai ta gida, ta dama mata fura, ta sha. Ƙurunƙus, na datse kanta, ba saura."

Shiru. Har na ji kukan kurciya can bayan gari. Aka ja dogon numfashi a ɗakin, kuma ba daga cikinmu ba ne.

Rahina ta ƙifta ido ta dube ni. "Kaka, ƙishirwa nake ji."

Na rungumo ta, muka nufi ƙofa. Sai tim! Wani ƙaton littafi ya faɗo daga katakon sama, ya buɗe a gaban ƙafata. Na ce, "Ranki ya daɗe, ni ban iya ba." Littafin ya ja jiki a ƙasa, sannu sannu, har ya tsaya a kan yatsun Musbahu.

"Gwaggo," in ji shi, murya kamar ta ɗan yaye. "Gwaggo, mi zan yi?"

"Kai ka gayyace ta karatu. Zauna. Kuma kada ka tashi sai ka kai ƙarshe."

Ya zauna.

Na kai Rahina inuwar rumbu, na dama mata fura, ta shanye, ta nemi ƙari. Muna jiyo muryarsa daga ƙurya, yana karatu yana sarƙewa. Na tambaye ta wane littafi ne ya faɗo masa. Ta ce na tarihin duniya ne.

Na ce, "Irin wannan yana da ƙarshe?"

Ta lashe ludayi. "Malaminmu ya ce har yanzu ba a gama rubuta shi ba."