Alhaji Tsagwaro Bai Kira Ba

Wata biyar ke nan Sufyanu bai yi wa ƙanwarsa Basira magana ba, kuma in ka ji dalili sai ka ba shi gaskiya, ko da rabi ce. Tun da aka kai ta ɗakin miji a wani ƙauye gefen Zugu ta tsiri rubuta labari a waya. Duk Talata da Juma'a sai ta hau tudun bayan gari inda sabis ke kamawa, ta tura shafi guda a wani guruf mai mata sun fi ɗari uku. Wannan duk ba laifi ba ne. Laifin shi ne wani Alhaji Tsagwaro da ke cikin labarin, ɗan kasuwar shinkafa, mai wushirya, marowaci, wanda in ya shanye shayi sai ya lashe cokali. Kaf Gummi wa zai ce bai gane Sufyanu ba? Har matarsa Hure sai da ta daina zama kusa in yana shan shayi, don dariya ƙwace mata take yi.

Ya kira Basira ya yi mata tatas. Ta ce, "Yaya, labari ne fa." Ya ce to shi da ita sai a lahira.

Ranar wata Laraba da hantsi yana rumfa yana awo, wani ɗan kabu-kabu ya kawo labarin ɓarayin daji sun shiga ƙauyen su Basira. Mutane sun watse, ba a san wa ya tsira ba, ba a san wa aka tafi da shi ba. Sufyanu ya saki tiyar hannunsa, shinkafa ta zube. Ya kira Basira, a kashe. Ya kira mijinta Mu'azu, a kashe. Ya bi 'yan kabu-kabu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ko nawa ne ba ya bin hanyar nan.

Kwana biyu Inna, mahaifiyarsu, na kan tabarma da tazbaha, ko kunu ta ƙi sha. Shi kuwa sai kira yake. Ba tsoro kaɗai ke cin sa ba, har da maganar nan ta lahira da ya faɗa da bakinsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar Hure ta tare shi a zaure, waya a hannu, ko ɗankwali babu. "Shafi ya shigo," in ji ta.

Ya fizge wayar ya karanta. Labarin ya ce an kori mutanen ƙauye, ƙanwar Alhaji Tsagwaro ta kwana biyu cikin gonar dawa, ƙafa duk ƙaya. Shi kuwa Alhaji yana can birni yana lasar cokali, ko kira bai yi ba, kada katinsa ya ƙare. A ƙasa Basira ta ƙara da cewa a yi haƙuri shafin yau gajere ne, cajin aro ta yi, ita da mijinta suna Nasarawa Burkullu lafiya lau.

"Ƙarya take, wallahi," ya ce. "Na kira ya fi sau hamsin." Yana masifa hawaye na bin gemunsa. "Kuma mi ya hana ta neme ni?"

"Ai kai ka toshe lambarta," in ji Hure. "Ta ina za ta same ka?"

Ya wuce ta da wayar a hannu. Ya shiga ciki ya durƙusa gaban tabarma. "Inna, tana da rai."

Inna ta ɗago. "Ka ji muryarta?"

"A'a. Zagina ta yi, gaban mata ɗari uku."

Tsohuwa ta rufe ido ta yi hamdala, ta jawo kwanon kunun da ya riga ya huce. "To karanta mani in ji."

Ya gyara zama ya karanta mata har wurin cokalin, bai tsallake ko kalma ɗaya ba.