Ganyen Haikalin Kan Tudu

Tun daga ƙasan matakala Shigeo ya jiyo ƙarar tsintsiya. Ya ɗaga kai ya ga bishiyoyin momiji na haikalin, waɗanda ganyensu ke rikiɗa ja da kaka, tsirara, ruwan daren jiya da iska sun kakkaɓe su tas.

Tun aurensu yake yi wa matarsa Fumie alkawarin nuna mata haikalin nan a ranar da jan ganye ya kai ƙarshen kyau. Wata shekara su tarar da shi kore, wata shekara ya bushe. Shi dai ba ya yarda lissafinsa ne ya kuskure, kullum lokacin kaka ne ya yi gaggawa ko ya yi nawa. Bana kuwa likita ya ce idanun Fumie ba za su kai baɗi suna bambance launi ba. Duk da haka ya yi ta ɗage tafiyar, kowace safiya yana buga wa malamin haikalin waya, wai ganyen bai gama nuna ba.

Malamin ya tsaya da shararsa ta safe, wadda ba ya fashinta, ya gaishe su.

"Shigeo, da jiya ka zo. Ai na gaya maka."

Shigeo ya fara kame-kame, ya ɗora laifi a kan masu hasashen yanayi, sannan a kan motar da ta makara. Kunya ta rufe shi. Ya ce wa Fumie su juya kawai, kada ta wahalar da gwiwoyinta a banza.

Ba ta saurare shi ba. Ta hau a hankali da sandarta, bayanta a ranƙwafe kamar mai tsintar shinkafa. Da ta kai farfajiyar sai ta tsaya cak. Jan ganye jiƙaƙƙe ya rufe duwatsu da gansakuka har bakin ƙofar katako, ban da ɗan layin da tsintsiya ta ci.

"Malam, don Allah ajiye tsintsiyar nan," in ji ta. Ta juyo wajen mijinta. "Tsoho, rabona da iya ɗaga kai in kalli saman bishiya na manta. Kai kaɗai ne ba ka lura ba."

Shigeo ya kalli jan ganyen da ke ƙasa. Can ya gyara hularsa, ya ce dama haka ya tsara.

"Na sani," ta ce, ta kama hannunsa. "Yi shiru, ina kallo."