Zoben da Ba a Duba Ba

Dokar shagon gwala-gwalan ɗaya ce game da kayan gyara. Kafin a karɓa, sai a sa madubin ƙara girma a ido a duba dutsen a gaban mai shi, a rubuta abin da aka gani a kati, kowa ya sa hannu. Shekara goma sha tara babbar mai jiran shagon tana koya wa sababbi wannan, har 'yan matan shagon suka laƙaba mata Anti Doka. A bayan idonta sukan ce ko ƙwai aka miƙo mata sai ta haska shi.

Ranar Talata wata Hajiya ta shigo, wadda mijinta ya rasu wata biyu da suka wuce. Ta rame, zoben lu'ulu'un da ya saya mata yana zamewa daga yatsa, tana so a matse shi. Anti ce ta sayar da zoben da hannunta shekara goma sha ɗaya baya. Hajiya na cire shi kuka ya ƙwace mata. Anti ta ji nauyin ɗaga madubi a kan kyautar mamaci, sai ta miƙa mata ruwa, ta rubuta "lu'ulu'u" a kati, suka sa hannu.

Washegari tsohon maƙerin da ke ɗakin baya, wanda suke kira Baba, ya aika a kira Anti. Ya tura ƙofa, ya ajiye zoben a kan ƙyalle.

"'Yar nan, gilashi ne."

Ta duba sau uku. Ya nuna mata inda aka taɓa buɗe haƙoran da ke riƙe dutsen aka mayar, ya ce aikin wani ne, kuma ya kai shekara biyu. A ganinsa marigayin ne ya cire ya sayar lokacin da jinya ta yi tsawo. Amma zato ne, kati kuwa ya ce lu'ulu'u aka kawo.

Da aka kai wa manajan shagon maganar, bai ɗaga murya ba. Ya ce gidan ba zai gaya wa matar da ke cikin makoki cewa mijinta ya yaudare ta ba, balle ba hujja. Ba zai kuma mayar mata da gilashi ba bayan an sa hannu a kan lu'ulu'u. Za a sa sabon lu'ulu'u, Hajiya ba za ta taɓa sani ba. Sai dai masu gidan za su tambayi inda na farkon ya shiga, kuma hannu biyu kawai zoben ya bi.

"Anti, dole ɗaya ya ɗauki laifin, ko ke ko Baba. Shi bai karya doka ba."

Ta ce ba ta ɗauki komai ba. Ya ce ya sani, kuma ba a kan wannan ake magana ba.

Ranar Alhamis ta miƙa makullan shagon, ta bar aikin. 'Yan matan suka duƙufa goge gilasan da suka riga suka goge da safe.

Masu gwal a layin duk sun san juna, labari kuma ya riga ta fita. Cikin mako guda ta shiga shago huɗu neman aiki. Ko'ina an tashi an gaishe ta, an ba ta kujera, an tambayi yara. A na huɗun, tana zaune, mai shagon ya yi wa yarinyarsa ido, ta janye faifan zobban da ke kusa da gwiwar hannun Anti.