Tsuntsun da Na Aika Malumfashi

Ina da wani ɗan hali da ba na son a riƙa tuna mini: in na ga abu kamu ɗaya, kafin ya fito daga bakina ya zama kamu biyu. Ni dai ban ɗauke shi ƙarya ba, gyaran zance ne. Amma mutanen Malumfashi ba su taɓa gane bambancin ba, kuma shekara bakwai da na yi a Greensboro ta Amurka ba ta sa sun manta ba.

A 1994 muka koma wani gidan haya a McLeansville, can bayan gari. Wanda ya tashi ya bar wata kwalba mai jan gindi rataye a barandar baya. Na ɗauka fitila ce, sai da maƙwabciyarmu ta ce ruwan sukari ake zubawa. Na zuba. Washegari ina shan shayi na ji wani abu ya wuce kunnena, fuuu. Tsuntsu ne, bai fi babban yatsana ba. Ya tsaya cak a iska, ya zura baki ya sha, sannan ya ja da baya kamar mai fitar da mota daga gareji. Turawa na ce masa haminbad.

A lokacin kaset muke ɗauka mu ba matafiyi ya kai gida. Na zauna na bayyana wa Ma'aruf, ɗan kawuna kuma abokin wasana, wannan tsuntsu. Allah ne shaidata, karo na farko a rayuwata ban ƙara ko gishiri ba.

Bayan wata guda amsa ta zo. Ashe a majalisar ƙofar shagonsa ya kunna kaset ɗina, kuma a nan ya ɗauki nasa.

"Bawana Abdussalam," in ji shi, "mun ji tsuntsu mai giyar ribas. Jama'a na tambaya, yana kunna sigina in zai juya?"

Dariya ta cika kaset ɗin. Har muryar limaminmu na ji a ciki, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba.

Hanifa, matata, ta kashe rikodar. "Malam, ka bar su mana. Ai ka saba."

"Na saba a ƙaryata ni in na yi ƙari. Wannan gaskiya ce tsagwaronta."

Na sayi kyamara mai dogon hanci. Hajiya Bebi, wadda ke kai mana saƙo gida, za ta tashi ƙarshen Satumba, tsuntsayen kuma an ce suna jin sanyi ya fara za su yi kudu. Sati biyar ke gare ni.

Fim na farko, hoto talatin da shida, duk kwalba ce. Na biyu ma kwalba ce, sai ɗaya da wani kore-kore a gefe kamar an goga miyar kuka. Matar da ke wanke hotuna a kantin magani ta miƙo mini ambulan na uku, ta tambaye ni cikin tausayi ko kwalabe nake sayarwa.

Hanifa ta ce laifin abincin ne. Baƙo ya zo gidan Bahaushe a ba shi ruwan sukari zalla, kamar mai zawo? Ta dafa zoɓo da citta da kanumfari, ta cika kwalbar. Tsuntsun ya zo, ya ɗanɗana, ya tsaya a iska ya dube mu, ya tafi. Kwana huɗu bai dawo ba. Zanzaro kuwa suka zo har da danginsu.

Da aka ce ja yake so, na sa jar dara, na yafa zanen Hanifa mai furanni, na zauna cikin shukokin gindin shinge ba motsi. Ni, magidanci ɗan shekara arba'in da shida, mai digiri biyu. Ma'aikacin gidan waya ya gan ni, ya ajiye wasiƙa a hankali, bai ko yi gaisuwa ba.

Ana saura kwana biyu Hajiya ta tashi, da la'asar, ƙafata ta riga ta yi sanyi, sai ga shi. Ba kwalbar ya nufa ba, furen da ke gaban hancina ya zo. Ya tsaya a iska, fukafukai na rawa, ya zura dogon bakinsa. Bai yi gaggawa ba sam. Na danna, na danna, har fim ya ƙare.

Hoto ɗaya ya fito tas. Na sa aka yi mini manya guda biyu. Ɗaya na sa a ambulan tare da kaset mai jimla ɗaya: "Ma'aruf, ga ubangidanka." Ɗayan na rataye a falo, sama da talabijin.

Amsar ta iso a Nuwamba. Wannan karon babu dariya a kaset ɗin, sai kukan akuya daga nesa.

"Abdussalam," in ji Ma'aruf. Ko bawan bai ce ba. "Mun gani. Liman ya ce mu nemi afuwarka, zato zunubi ne. Na sa hoton a gilashi, yana nan a shago. Daga Funtuwa ma an zo kallo."

Sau goma sha ɗaya na saurari wannan kaset. Hanifa ce ta ƙirga.

Ranar wata Asabar na gayyaci 'yan uwa cin tuwo, wai don zumunci. Na jera kujeru suna fuskantar talabijin. A cikin baƙin akwai Badaru, sabon ɗalibi daga Gusau da ya zo yin digiri na uku a jami'ar da ke gabashin gari. Yaro mai ladabi, bai cika magana ba. Ya tashi da kwanonsa a hannu, ya tsaya gaban hoton ya daɗe.

"Malam, kai ka ɗauka da kanka?"

"Da wannan hannun."

"Kai, masha Allah. Wata uku ina neman irinsa ban samu ba. Malaminmu zai so ya gani."

Na gyara zama. "Tsuntsaye kake karanta ke nan?"

"A'a, Malam, ƙwari." Ya nuna da cokali. "Wannan ɗan uwan malam-buɗe-littafi ne. Kwaikwayon tsuntsun yake yi, har shawagin. Ka ga 'yan ƙahonin nan a kansa?"

"Gashin kai ne," na ce.

"To, Malam."

Ya koma ya zauna ya ci gaba da cin tuwonsa. Hanifa ta shige kicin da sauri, na ji ta kunna famfo da ƙarfi.

Da baƙi suka watse na sauke hoton, na kai shi bakin taga, na sa tabarau. Na ƙirga ƙafafun daga hagu, na sake ƙirgawa daga dama.

Shida ne.