Fasinjan Ƙarfe Huɗu

Zazzaɓi ya kama Muntari mai faci tun da hantsi. Kafin azahar ya tattara kayan aiki, ya sha magani, ya miƙe a kan bencin rumfarsa da waya a kan ƙirji.

A cikin wayar nan akwai abin da ya ajiye tun ran Talata. Matar yayansa Tasi'u ta haihu a ƙauye, shi kuwa sai a bakin wani direba ya ji, bayan kwana huɗu. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko kira babu. Ran nan ya zauna ya rubuta wa Yaya maganar da bai taɓa faɗa wa ko bare ba: kada a ƙara lissafa shi cikin 'yan'uwa, suna ba zai zo ba, ran da ya mutu ma kada a taka ƙofarsa. Da ya zo turawa sai yatsa ya ƙi. Sai ya danne kibiyar tura saƙo ya riƙe, kamar yadda aka taɓa nuna masa, waya ta tambaye shi yaushe, ya zaɓi Alhamis ƙarfe huɗu na yamma, jajiberin suna. Wai don maganar ta tafi da ƙafarta, ba da hannunsa ba.

To yau ce Alhamis. Yana cewa bari ya ɗan runtsa, in ya tashi ya ga ko zai goge, sai benci ya fara tafiya da shi.

Tafiya yake a hankali kamar kwalekwale, har ya tsaya a tsakiyar wata tasha da Muntari bai taɓa gani ba. Sama a tsage take kamar gilashin waya da ya faɗi. Motoci jere har iyakar gani, babu direba ko ɗaya, kuma allon da ke kan kowace mota ba sunan gari ne a jiki ba, lokaci ne: Asabar bakwai na safe, daren Sallah, bayan wata uku. Fasinjoji na zaune shiru, kowa ya rufe bakinsa da tafin hannu.

A bakin ƙofa wata tsohuwa na tuya. Kaskonta babu wuta a ƙasa, amma mai na tafasa.

"Sannu, Iya. Nan ina ne?"

"Inda maganganu ke jiran lokacinsu," ta ce, ba ta ɗago ba. "Wasu barka da Sallah ne, wasu tunin shan magani. Wasu kuma masu su sun ji tsoron kai su da baki."

"Ƙosai kike toyawa?"

"Mintoci." Ta tsamo ɗaya, sai inuwar duk motocin ta matsa taku guda. "Goma sha biyu suka rage maka a ƙwarya, ɗan nan."

Ya juya da sauri. Ya shiga tsakanin motoci yana duba alluna, amma duk wanda ya kafa wa ido sai rubutun ya zube ƙasa kamar tururuwa. Sai ga wata tsohuwar taya tana mirginowa gefensa, iska na fita ta hudar jikinta, kuma a cikin fitar iskar akwai magana.

"Ni ce wadda kullum kake cewa gobe za ka liƙe," ta ce. "Biyo ni."

Suka ratsa wani rafi da ke gudu sama, suka wuce kasuwar da kowa ke ciniki da bakin da ba ya fitar da sauti, sai ga mota ita kaɗai a kan tudu. Alhamis, ƙarfe huɗu. Mutum ɗaya ne a ciki, sanye da rigar da Muntari ya sa ran Talata, har da ɗigon baƙin mai a aljihu. Fuskar tasa ce, sai dai idon jawur, jijiyar wuya a tashe.

"Don Allah sauko," in ji Muntari.

Fasinjan ya sauke hannu daga baki. "Kai wa?"

"Ni na rubuta ka."

"Wanda ya rubuta ni huci yake. Kai rawar sanyi kake. Ban san ka ba."

"Na fasa."

"Shi bai fasa ba." Ya gyara zama. "Ka manta Yaya bai iya karatun boko ba? A zaure za a karanta ni, da ƙarfi, ana cikin rabon goro. Surukansa za su ji. Liman zai ji."

Muntari ya kama murfin mota ya ja, murfin ya miƙe a hannunsa kamar danko, ya koma yadda yake. Daga nesa ya ji tsohuwa ta tsamo wani, ta kuma tsamo wani.

Nan ya ji ana buga ƙofa. Ya waiwaya. Can ƙasan tudu ga wata ƙofa tsaye ita kaɗai, babu ɗaki babu bango, an rubuta lambobi goma sha ɗaya a jikinta. Wani mutum cikin shuɗiyar rigar Yaya yana bugawa, ya saurara, ya sake bugawa. A ɗaya hannun yana riƙe da goro a ganye.

"Wancan ba saƙo ba ne, kira ne," taya ta ce, muryarta na ƙara yin ƙasa. "Zuwansa tara ke nan tun ran Juma'a. Ka karanta ƙofar."

Ya karanta. Tsohuwar lambarsa ce, wadda ta tafi tare da wayar da aka zare masa a kasuwa da damina. Sabuwar kuwa duk direban da ke kawo masa faci ya ba shi. Gida ne ya ce sai ya je da kansa, bai kuma je ba.

"Yaya!" ya kira, amma iska kawai ta fito daga bakinsa. Mutumin ya ajiye goron a bakin ƙofa, ya tsuguna yana jira.

Motar ta tashi da kanta. Muntari ya faɗa ƙarƙashinta, ya laluba bakin taya don ya sace iska, ya murɗa, ya danna da farce, ya sa haƙori. Ko motsi. Ya duba da kyau sai ya ga facinsa ne a jikin duka huɗun, liƙe tsaf, irin wanda yake alfahari da shi.

"Aikinka ba ya yoyo," in ji fasinjan daga sama.

Tsohuwa ta iso kansa da kasko a hannu. Ƙwaryar babu komai, guda ɗaya ne ke juyawa cikin mai, ya yi ja.

"Iya, ki bar shi kaɗan."

"In na bar shi ƙonewa zai yi." Ta sa matsami.

Ya zabura ya faɗo daga benci, jiki sharkaf da gumi. Ana kiran la'asar a masallacin bakin titi. Ya rarumo waya daga ƙasa: huɗu da minti uku. A ƙarƙashin dogon rubutun nan an sa, an aika.

Yana kallonta ta fara ruri a hannunsa. Yaya Tasi'u. Ya ɗauka. Hayaniyar mutane, da kukan jariri can ciki.

"Salamu alaikum. Don Allah wa ke magana? Rubutu ya shigo mini daga lambar nan, ban san ta ba. Ga Malam Hudu zai karanta mini, na ce bari in fara jin mai ita."

Muntari ya dafa benci ya miƙe.

"Yaya, ni ne. Kada ka ba kowa wayar nan. Ka sa ta a aljihu, ga ni nan zuwa."